Salahuddin Mai Ranar Haihuwa

A danginmu kaf, Salahuddin ne mutum na farko da ya san ranar da aka haife shi, kuma tun da ya yi wayo bai bar kowa ya huta da maganar ba. Sha bakwai ga Maris. Ko shayi kofi ɗaya kuka zauna sha, sai ya san yadda ya yi ya cusa ta a hira. Ɗan gwaggona ne, taubashina, don haka tun muna yara ina da izinin zaginsa. Amma abin da zan faɗa a nan ya wuce wasan taubasai.

Mu sauran duk ɗaya ga Janairu aka haife mu. Ni Sakinatu, da babana, da uwar Salahuddin, Gogo Mariyamu, da kusan duk wanda ya buɗe ido a kambo, unguwar bukkokin 'yan ƙwadagon auduga a yankin Jazira na ƙasar Sudan. Can ba mai rubuta haihuwa. Sai ka girma, buƙatar takarda ta kama ka, a tura ka wurin likita ya yi maka tasnin. Ya ce ka buɗe baki, ya dubi haƙora, ya dubi kai, ya yanka maka shekara. Rana da wata kuwa ba ya wahalar da kansa, kowa ɗaya ga ɗaya. Da yake ranar ce Sudan ta sami 'yanci, Gogo takan ce gwamnati ta san darajarmu, tunda ƙasa gaba ɗaya take ba hutu ranar haihuwarmu.

Tana wannan barkwanci, amma abin yana ci mata rai. Ta raka mijinta ranar da aka yi masa nasa tasnin, ta ga yadda likita ya ɗaga masa leɓe da ɗan yatsa kamar mai tayin rago. Nan ta rantse ba za a buɗe bakin ɗanta haka ba. Da cikinta ya tsufa sai ta hau bayan motar auduga, ta sha jijjiga har birnin Madani, ta haihu a asibiti, ta dawo da jariri da takarda mai hatimi. Matan kambo suka yi ta zuwa kallon takardar fiye da yadda suka kalli jaririn. Ka ji inda sha bakwai ga Maris ta samo asali. Shi dai bai yi komai ba, fitowa kawai ya yi.

Shekarun fari da yunwa muka taso muka dawo unguwar Hajj Yusuf, a gefen babban birni. Sojoji suka karɓi mulki yana sakandare, ya duba ya ga masu gemu ne ke samun shiga, sai ya tsayar da gemu tun bai gama fitowa ba. Lokacin da ake kwashe samari daga motocin haya ana kai su bautar soja, wani abokin babansa ya samo masa wuri a wani ofis, yana dafa shayi yana kwafar takardu. A nan ya fara taɓa kwamfuta. Daga baya ya yi wani ɗan kwas a wata makaranta da ke saman kantin magani, ya fito ya ce a riƙa kiransa bashmuhandis, wai babban injiniya. Ya datse sunansa ya koma Salah. Hausa kuwa ya ce ta gudu daga bakinsa, ko da yake na lura tana dawowa duk ranar da zazzaɓi ya kama shi ko yunwa ta matsa. Inna da yake kiran uwarsa ta koma Hajja. Kowace shekara kuma sai ya sayi kek, ya kafa masa kyandir, ya hure, mutum da furfura a gemunsa.

Shagonsa yana kasuwar Suk al-Shabi, kusa da tashar motoci: 'yan kwamfutoci, da injin kwafi, da fanka mai kuka. Aikinsa cika wa mutane takardun intanet, na makaranta, na neman aiki, na tafiya. Ni kuma ina tsallaken hanya ina sayar da godo-godo, irin furarmu ta nan, da gyaɗa. In yana tare da abokansa sai ya wuce ni ya ce "salam ya hajja" kamar bai taɓa ganina ba. In sun watse sai ya zagayo ta bayan rumfa ya shanye kwano guda a tsaye, yana waige-waige.

Gogo tana da buri ɗaya a duniya, kowa ya san shi. Ubanta Malam Ado ya taso daga Haɗeja da ƙafa zai je Makka. Ya tsaya a Jazira ya yi tsinkar auduga kaka ɗaya don ya sami guzurin ƙetare teku, kaka ɗaya ta zama rayuwa, aka binne shi a bayan kambo. Gogo takan ce tafiyar ubanta ba ta ƙare ba, ajiye ta aka yi, ita za ta ɗauka ta ƙarasa. Ta yi fasfo tun da daɗewa, tana sabunta shi duk lokacin da ya mutu. Farin tob ɗinta, babban mayafin da za ta yi tafiyar da shi, yana ninke a akwatin ƙarfe, tare da takardar haihuwar Salahuddin.

Hanyarta guda ce, ƙungiyar 'yan kasuwarmu ta Omdurman. Shugabanta Alhaji Zailani, mai fataucin fatu, daga gidajen nan da kakanninsu suka zauna a birnin tun kafin Turawa. Duk shekara suna haɗa hannu su kai wasu tsofaffi aikin hajji. A rubuta sunaye a ƙananan takardu, a nannaɗe, a zuba a tasa, liman ya sa hannu ya ɗebo a farfajiyar masallaci, kowa yana gani. Sunan Gogo ya daɗe yana shiga tasar nan yana fitowa ba a ɗauke shi ba, ba ta taɓa yin ƙorafi ba.

Wata shekara, bayan Sudan ta Kudu ta ɓalle kuma gwamnati ta mai da komai sai da lambar ɗan ƙasa, Salahuddin ya sa rigarsa mai guga ya je wurin Alhaji Zailani. Ya ce zuba sunaye a tasa abin kunya ne a wannan zamani. Ya ce zai gina wa ƙungiya shafi a intanet, kowa ya shigar da sunansa da ranar haihuwarsa da lambar fasfo, kwamfuta ta yi ƙuri'a, jerin waɗanda suka ci ya tafi kai tsaye wurin wakilin tafiye-tafiye, ba hannun mutum a ciki. Alhaji mutumin kirki ne amma yana son a ce ƙungiyarsa ta waye. Ya yarda. Shafin kuwa, daga baya na ji, ba gina shi ya yi ba. Na wasu mutane ne can wata ƙasa, ya kwaso kyauta ya canza masa launi ya liƙa hoton Ka'aba a sama.

Duk wahalar a gurbi ɗaya ta taru, ɗan akwatin da ake sa ranar haihuwa. In ka taɓa shi sai wata 'yar kalanda ta faɗo tana nuna watan da ake ciki, in kana son komawa baya sai ka danna kibiya, wata ɗaya dannawa ɗaya. To ka tuna tsofaffi ake yi wa rajista. Na je wani shagon intanet a Hajj Yusuf na sa a shigar da Gogo, mai shagon ya yi ta danna kibiyar nan har ya canza hannu, yana tsinar wanda ya yi shafin. Ban ce masa ɗan'uwana ba ne. Amma dai sunanta ya shiga, da ranarta daidai yadda take a fasfo.

Ashe mu ne muka yi sa'a. Akwatin nan na mutanen da suke fara rubuta wata kafin rana ne. Duk wanda aka haifa ashirin da biyar ga wata sai shafin ya ce babu wata na ashirin da biyar, wanda aka haifa uku ga Yuli kuma ya wayi gari ɗan bakwai ga Maris. Mu 'yan ɗaya ga ɗaya ko ta ina aka juya mu daidai muke. Saboda haka a makon farko tsofaffin kambo suka shige salin-alin, 'yan gidajen Omdurman masu takardun asibiti suka maƙale a ƙofa. Yayar Alhaji Zailani tana cikin waɗanda suka maƙale. Wayar Salahuddin ta yi ta ruri.

Wannan kam ya gyara shi da gudu, don masu kiran suna da motoci. Ya yini a shago da gumi, ya juya akwatin ya sa rana a gaba, ya sa wurin zaɓen shekara don a daina wahalar kibiya. Har nan ban da abin cewa, in ban da cewa shi ya haƙa ramin da yake alfaharin cikewa.

Sai ya buɗe jerin sunaye don ya nuna wa Alhaji aiki ya yi kyau, ya ga ɗaya ga ɗaya tun daga sama har ƙasa. Mariyamu Ado, Mariyamu Abdullah, wata Mariyamu Abdullah ɗin kuma, duk rana ɗaya, wasu ma shekara ɗaya. Alhaji ya leƙa ya ce, "Bashmuhandis, wannan ba kuskuren na'ura ba ne kuwa?" Tambaya ce kawai ta mutumin da idonsa bai saba da allon kwamfuta ba. Da Salahuddin ya ce a'a, mutanenmu ne na kambo, uwata ma ga ta nan a ciki, da magana ta ƙare. Amma a falon Alhaji yake, ga 'ya'yan Alhaji masu digiri a zaune. Sai ya gyara tabarau ya ce lallai shara ce ta shiga, mutane ne suka bar gurbin yadda suka same shi ba su cika ba, zai tsabtace.

Ya kuwa tsabtace. Ya share duk mai ɗaya ga ɗaya, sannan ya ƙara wa akwatin doka: duk wanda ya sa wannan rana, gurbin ya yi ja, rubutu ya fito da Larabci cewa a shigar da ranar haihuwa ta gaskiya. Mutumin da ya tashi a gidan da kowa ɗaya ga ɗaya ne, ya sha nonon ɗaya ga ɗaya, shi ne ya koya wa na'ura cewa babu irin wannan mutum a duniya.

Da labari ya iso Hajj Yusuf cewa an goge sunaye, na ɗauki Gogo a raksha, keke mai ƙafa uku, muka je muka kama mota har Suk al-Shabi. Ta sa tob ɗinta mai kyau don kada ta kunyata shi. Muka tarar da shi da mutane, ya nuna mana benci da haɓa, sai da shagon ya yi sauƙi ya juyo.

"Hajja, me ya fito da ke cikin wannan rana?"

"Salahu, an ce injinka ya tofar da ni."

"Ba mushkila. Yanzu za mu mayar."

Na miƙa masa fasfo, ko buɗewa bai yi ba, ya san abin da ke ciki. Ya rubuta sunanta, ya zo kan akwatin, ya sa ɗaya ga ɗaya, akwatin ya yi ja. Ya yi tsaki kamar wani ne ya yi masa laifi. Sai na ga ya goge ya sa biyu ga ɗaya, jan ya ɓace.

Boko ban yi nisa ba, amma ina gane lamba. Na ce, "Salahuddin, biyu ka sa."

"Na sani, ya Sakina."

"A fasfonta ɗaya ne."

"Ya zola, baiwar Allah, ɗaya da biyu duk ɗaya ne. Ai dama ƙarya ce. Likita ya yi tasa ƙaryar, ni na yi tawa, ina bambancin?"

Na ce to ya cire dokar mana, tunda shi ya sa ta. Ya ce ban san sistam ba, in aka taɓa wuri ɗaya sai goma su rushe. Daga baya wani mai irin sana'arsa ya gaya mini aikin bai kai tsawon shan kofin gahawar jabana ba. Abin da ya hana shi, in ya cire sai ya koma falon Alhaji ya ce sharar nan da na share iyayena ne. Don haka duk tsohon da ya zo, sai ya raba musu ranaku yadda ya ga dama, wannan biyu ga wata, wancan biyar, wata tsohuwa ma ya ba ta sha bakwai ga Maris, wai kyauta. Gogo ba ta bi zancen ba. Ta ga jan ya tafi, ta sa masa albarka, ta ajiye masa ƙullin dakuwa a kan tebur, ya yi sauri ya tura shi cikin aljihun tebur.

Aka yi ƙuri'a a farfajiyar masallaci, da farin ƙyalle a bango da na'urar haska hoto. Suna na uku da ya fito, Mariyamu Ado. Ina kusa da ita. Ba ta yi guɗa ba, ta dai kama hannuna ta matse, ta ce, "Baba, tashi mu tafi." Na yi kuka a wurin, ban ji kunyar kowa ba.

Unguwa ta ɗauka. Aka yanka akuya aka yi karama, walimar godiya, mata suka cika gida, kowa da saƙon addu'ar da za a kai masa. Ta fito da farin tob ta wanke ta shanya. Ta bi gida-gida tana neman gafara, har wurin matar da suka yi shekaru ba sa magana saboda rigimar magudanar ruwa. Salahuddin ya zo da mota ta aro, ya zauna a kujerar gaba yana karɓar barka kamar shi ya biya kujerar. Ya yi ta gaya wa mutane da Larabci cewa da tasa ake yi da har yanzu tana jira.

Jerin ya tafi wurin wakili kai tsaye, ba hannun mutum a ciki, yadda ya yi alkawari. Wakilin ya nemi biza da abin da aka turo masa. Can aka gwada da fasfo, aka ga ranar ba ta zo ɗaya ba, aka dawo da takardun. Kafin a gane daga ina ɓarnar take, a nemi gyara, an rufe karɓa na shekarar. 'Yan Omdurman da suka ci duk suka tafi, har da yayar Alhaji. 'Yan kambo da suka ci, ko ɗaya.

Alhaji Zailani da kansa ya zo Hajj Yusuf ya gaya mata, wannan na yaba masa. Ya zauna a tabarma ya kasa haɗa ido da ita. Salahuddin ya zo daga baya, da hantsi, ya tsaya a tsakar gida bai ko cire takalmi ba. Ya fara bayani. Ya ce shabaka ce, wato intanet, ya ce takunkumin da aka sa wa ƙasa ne, ya ce wakilin jahili ne. Da ya ga ba mai tanka masa sai ya ce, gaskiya matsalar daga tushe take, mutanen da ba su san ranar haihuwarsu ba ba yadda za a yi sistam ya yi aiki da su.

Gogo tana zaune a bakin gado, tob ɗin yana ninke a cinyarta. Ta dube shi ta ce:

"Salahu, taka ranar ni na hau mota na samo maka. Tawa guda ɗaya ce, likita ya ba ni, ban roƙi kowa wata ba. Ita ma ka karɓe."

Ya ce, "Ma'alesh, a yi haƙuri ya Hajja, baɗi in sha Allah." Ya duba agogo, ya ce ya bar shago ba kowa.

Baɗi ƙungiya ta koma zuba sunaye a tasa. Alhaji ya so a ba waɗanda aka zalunta kujerunsu ba tare da ƙuri'a ba, amma a shekarar kuɗin ƙasa ya faɗi, 'yan kasuwa suka ce ba za su iya kai kowa ba sai an ga hali. Shekarar da ta biyo baya, da hali ya samu, Gogo ba ta iya tashi daga gado sai an ɗaga ta. Ta rasu da damina, fasfonta da sauran rai.

Salahuddin ya yi kuka sosai a zaman makoki, da Hausa tsantsa, yana kiran Inna. Mutane suka ce Allah sarki. Ni kuwa na ci gaba da zuba shayi. Har yau yana Suk al-Shabi, ya aske gemu tunda an daina yayinsa. Shafin nan ya sayar wa wata makarantar koyon ɗinki, an cire hoton Ka'aba an sa keken ɗinki, kuma wata maƙwabciyata da ta je yin rajista ta ce akwatin ya yi mata ja. Kek ɗinsa bai taɓa fashi ba.

Allon ƙarfen da ake kafawa a kan kabari, ni na ce zan yi. Salahuddin ya biyo ni wurin mai fenti, wai don a rubuta Larabcin daidai. Mai fenti ya rubuta sunanta da ranar rasuwa, ya ɗaga allon zai jingine ya bushe. Na ce saura ranar haihuwa. Ya ce ba a cika sawa ba. Na ce a wannan za a sa. Ya tsoma burushi ya dubi Salahuddin, tunda shi ne namiji kuma shi ne mai tabarau. Bashmuhandis ya sunkuyar da kai yana latsa waya.

Na ce, "Rubuta ɗaya ga ɗaya."

Ya rubuta da farin fenti, bai tambaye ni ko ta gaskiya ce ba.